Tambayoyi da amsoshi kan yadda tsirran ruwa ke yin fure a tankin kifin ado na gida

Jama'a assalamu alaikum. Waɗannan sune tambayoyin da masu ajiye kifin ado a gida suka fi yi idan maganar fure ta taso, na haɗa su wuri ɗaya ne saboda yawanci abu ɗaya ake ta maimaitawa, mutum ya sayi tanki mai kyau, ya zuba tsirrai, ganye yana ta fitowa shar amma fure shiru, sai ya fara zargin ko an sayar masa da na bogi ne. Mafi yawan lokaci tsiron lafiyarsa ƙalau. Fure sai tsiron da ya girma ya ƙoshi, aka ƙyale shi wuri guda ba a ta tumɓuke shi, sannan aka ba shi hanyar da zai kai ga iska.

Wai da gaske tsiron da ke cikin ruwa yana fure ko dai a hoto ne kawai?

Da gaske ne. Mafi yawan tsirran da ake sakawa a tanki masu fure ne kamar na tudu, kuma da yawansu a inda suka fito ba duk shekara suke nutse ba, a bakin rafi suke ko fadama, damina ruwa ya shanye su, rani ruwa ya ja baya su fito sarari. To lokacin da suka samu iskar nan ne galibi suke fure, saboda ƙwari ne ko iska ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, kuma ƙuda ko zuma ba za su nutsa su same shi a ƙasan ruwa ba. Shi yasa zaka ga ko wanda yake nutse gaba ɗaya sai ya miƙo dogon kara har saman ruwa sannan furen ya buɗe. Kaɗan ne suke buɗewa a cikin ruwan, irin su Anubias da Bucephalandra.

Ni sabon shiga ne, da wanne zan fara?

Anubias, ba ko shakka. Kuma abin da nake so mutane su sani shine wannan tsiron namu ne na nan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, a rafukan dajin kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon yake fitowa, manne da duwatsu da itatuwa a cikin inuwa. Wanda aka fi sayarwa shine Anubias barteri, wanda ke ɗauke da sunan Charles Barter, Baturen nan mai tattara tsirrai da ya bi tawagar Baikie, mai binciken ƙasa ɗan Birtaniya, a kogin Neja ya rasu a garin Rabba da ke bakin kogin a 1859, sai ƙaramin nau'insa nana wanda asalinsa daga Kamaru ne. Yau duk duniya ana nomansa ana sayarwa, har mu ma sai a dawo mana dashi daga waje.

Dangin gwaza ne, saboda haka furensa ba irin mai ganyayyaki kala-kala bane. Wani kara ne zai fito daga jikin kaurin saiwar, a samansa akwai kunsasshen abu kore, bayan kwanaki sai kunshin ya buɗe ya zama fari-fari, a tsakiya ga wani ɗan sanda mai launin madara da ƙananan ƙuraje a jikinsa, waɗannan ƙurajen sune ainihin furannin, na maza a sama na mata a ƙasa. Idan ka matso da ido da rana fitila na kunne wani lokaci zaka ga ƙananan kumfar iska sun maƙale a jikin sandan. Yana iya ɗaukar makonni a haka kafin ya fara baƙi.

Babban sharaɗinsa ɗaya ne, kar ka binne kaurin saiwar nan da ke kwance, wadda ganye ke fitowa daga samanta jijiyoyi daga ƙasanta. Idan ka tura ta cikin yashi ruɓewa za ta yi. Ɗaure ta zaka yi a jikin dutse ko itace da zare, ko ka ɗiga supa gulu kaɗan ka manna, baya cutar da kifi idan ya bushe. Daga nan kuma ka cire hannunka. Anubias ba shi da sauri, ganye ɗaya a makonni, kuma duk lokacin da ka ɓalle shi ka canza masa wuri ko ka yanka saiwar gida-gida don ka samu da yawa, ka mayar dashi baya ne. Wanda aka bari ya yi kauri da ganye masu yawa shine ke fure.

Na ga wani jan tsiro mai faɗin ganye ana ce masa taiga lotus, an ce yana fure. Ya ake yi?

Wannan ai bado ne malam, Nymphaea lotus, ɗan uwan wanda ke cika tafkuna da kududdufai a ƙasar Hausa bayan damina, wanda ake cin 'ya'yansa da saiwarsa. Na tanki an zaɓo mai jan ganye da ɗige-ɗige ne ko kore mai zane. A ganina duk cikin tsirran tanki babu mai furen da ya kai nasa, amma sai ka zaɓi ɗaya cikin biyu, ko kyan ganyen ƙasa ko fure, da wuya ka samu duka.

Dalili kuwa shine masu son ado suna yanke duk ganyen da ya nufi sama don tsiron ya tsaya gajere a ƙasa ya yi cunkus, to muddin kana yanke su ba zai taɓa fure ba. Sai ka bar ganyen sun kai saman ruwa sun baje, huɗu biyar ko fiye, su sha haske su shaƙi iska kai tsaye, a nan ne tsiron ke tara ƙarfi, sannan wata rana zaka ga wani kara daban ya taso daga gindi da ƙullutu mai tsini a kansa, ba nannaɗaɗɗen ganye ba, wannan shine furen. Kuma ka sani da dare yake buɗewa, da safe rana ta ɗaga ya rufe, ya yi haka 'yan kwanaki sannan ya koma cikin ruwa. Mutane da yawa nasu ya yi fure ba su gani ba saboda suna barci ko sun fita aiki, don haka idan ka ga ƙullutun ya fito saman ruwa ka riƙa leƙawa bayan isha'i da kuma da asuba.

Abin da zaka yi la'akari dashi, ganyen saman nan za su rufe haske ga duk abin da ke ƙasa, don haka a ƙarƙashinsa ka sa masu son inuwa irin Anubias. Tankin ya zama babba, lita 100 zuwa sama ya fi, kwan saiwar kuma kar ka binne shi duka, ka bar samansa a waje, sannan ka tura masa ƙwayar takin saiwa a gefe domin bado akwai ci.

To tunda bado da kainuwa suna nan a tafkin garinmu, ba sai in je in ciro ba kawai?

Za ka iya, amma don Allah ka yi hattara, wannan ba maganar wasa bace. Tsirran tafki suna zuwa da ƙananan katantanwa da ƙwansu manne a bayan ganye, kuma irin waɗannan katantanwar na ruwan da ke kwance sune ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini, ta fata take shiga idan mutum ya sa hannu ko ƙafa a ruwan. Ga kuma tsutsar mazari da ke cinye ƙananan kifi, ga matsattsaku. Idan dole sai ka ciro, sa safar hannu ta roba, wanke shi sosai, cire duk tsohon ganye, ka ajiye shi a bokiti daban na makonni kana canza ruwa kana tsince duk abin da ya ƙyanƙyashe, kuma kar yara su yi wasa da ruwan. Sannan badon tafki yana girma sosai, ya fi dacewa da baho ko rabin duro a tsakar gida inda rana ke bugawa, a nan ma ya fi saurin fure, sai ka zuba 'yan gofi, wato wasu ƙananan kifin ado, a ciki su cinye tsutsar sauro.

Kainuwa ita ma tana fure, ɗan mitsitsi ne fari mai gashi-gashi a can tsakiyar ganyen, sai ka buɗa ka duba da kyau. Ba ta son ruwa na ɗiga mata daga murfi, ruɓewa take. Kuma duk abin da ya yi maka yawa ka shanya shi ya bushe ka zubar a shara, kar a zuba tsiron tanki a rafi ko kwata, musamman na ƙasashen waje, mun ga yadda ciyawar ruwan nan mai fure shuɗi da ta fito daga Kudancin Amurka ta toshe hanyoyin ruwa a Legas da kogin Neja.

Haske nawa ake bukata? Kuma ga matsalar NEPA.

Awa 8 zuwa 10 a rana ya isa ga yawanci, amma abin da ya fi yawan awannin muhimmanci shine ya zama lokaci ɗaya kullum. Tsiro yana lissafin tsawon yini da dare, idan yau ya samu awa 3 gobe awa 14 jibi babu sam saboda an ɗauke wuta, rayuwa kawai zai yi ta yi ba maganar fure. Abin da nake ba mutane shawara shine fitilar LED ta tanki ba ta cin wuta sosai, a haɗa ta da ƙaramin sola da batir ko inbata, a sa mata taima ta riƙa kunnawa da kashewa da kanta. Idan babu halin haka a ajiye tankin inda hasken taga ke shigowa da safe amma ba rana ta buge shi kai tsaye ba, domin rana kai tsaye zafi za ta kawo da gansakuka, ruwan ya koma kore.

Kuma kar ka ce bari in bar fitila har gari ya waye don ya yi sauri, gansakuka kawai zaka noma, kifin ma suna bukatar duhu su huta.

Zan iya zuba takin zamani na gona, NPK ko yuriya?

A'a, kar ka zuba a ruwan da kifi ke ciki. Yuriya da yawancin takin gona suna sakin amoniya, ita kuwa guba ce ga kifi, ɗan kaɗan ya isa ya kashe su a dare ɗaya musamman da zafi. Akwai takin ruwa da aka yi don tanki, akwai kuma ƙwayoyin da ake turawa cikin yashi kusa da saiwa duk bayan wata biyu ko uku, su suka fi amfani ga bado da tsirrai irin su Echinodorus da Aponogeton da Crinum saboda ta saiwa suka fi ci. Zaka ji wasu na cewa fosfet ne sirrin fure su yi ta antaya shi, ni dai ban goyi bayan haka ba, tsiro yana bukatar naitirojin da fosfet da fotashiyam da sinadarin ƙarfe duka daidai gwargwado, idan sabon ganye na fitowa fari-fari ko rawaya to ƙarfe ya yi ƙaranci, idan tsohon ganye na hujewa da ƙananan ramuka galibi fotashiyam ne. Gyara wannan tukuna.

Dole sai na sa CO2, wato iskar da tsiro ke shaƙa yana haɗa abincinsa da ita?

Ba dole bane. Anubias da Aponogeton da bado duk suna fure ba tare dashi ba, kuma duk tsiron da ganyensa ya kai iska ya riga ya samu nasa kyauta. Idan kana so ka gwada na gida, suga da yis da ruwa a gora da siririn tiyo zuwa cikin tanki yana aiki, amma ka cire shi da dare, idan ka ga kifi sun taru a sama da asuba suna haki to ya yi yawa.

Karan fure ya fito saman ruwa amma sai ya bushe ko ya yi baƙi kafin ya buɗe. Me ya jawo?

Abu uku ne yawanci, kuma duk a ɗan tsakanin nan na saman ruwa da murfi suke faruwa. Ko dai karan ya je ya taɓa fitila ya ƙone, ko murfin gilashi ya danne shi tururi na ta ɗiga masa har ya ruɓe, ko kuma iskar ɗakin ta bushe da yawa, wannan na ƙarshen mu 'yan Arewa mun fi fama dashi lokacin hunturu, karan da ya saba da ruwa ya fito ya haɗu da busasshiyar iska mai ƙura cikin yini ɗaya ya yanƙwane. Maganinsa ka rage ruwan tankin kamar santimita 10 zuwa 15 don a samu fili, ka ɗaga fitilar sama, da hunturu kuma ka rufe rabin saman da gilashi ko leda mai haske don danshi ya zauna amma iska na shiga.

Sai zafin bazara. Yawancin tsirran nan sun fi jin daɗi tsakanin digiri 24 zuwa 28, a watan Maris zuwa Mayu kuwa idan ɗaki ya ɗau zafi ruwan tanki yana haura 30 cikin sauƙi, a lokacin kar ma ka sa ran fure, ka dai yi ƙoƙarin su rayu. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan tana sauke zafin da digiri biyu zuwa uku, sai dai ruwan zai riƙa raguwa ka riƙa cikowa. Idan damina ta sauka gari ya yi sanyi, a nan ne zaka ga sun farfaɗo. Masu kiwo da dama sun lura cewa canza ruwa, kamar kashi ɗaya cikin huɗu duk mako da ruwan da ya ɗan fi na tankin sanyi, yakan zaburar da su su fitar da kara. Ruwan famfo a bar shi ya kwana ko a sa maganin kulorin, ruwan burtsatse kuma idan mai gishiri-gishiri ne sosai a gauraya shi da ruwan sama mai tsabta, ba na farkon zuba daga kwano ba.

Aponogeton ɗina ya yi fure, bayan nan ganye duk suka zube. Ya mutu kenan?

Kar ka yi saurin jefarwa. Aponogeton yana da kwan saiwa, kuma a ɗabi'arsa bayan ya yi girma ya yi fure yakan kwanta ya huta na wasu makonni ko watanni. Taɓa kwan, idan da tauri yana raye, idan ya yi laushi yana wari shikenan ya tafi. Mai taurin ka bar shi a wurinsa ko ka ajiye shi cikin yashi mai danshi a wuri mai sanyi, sannan ka mayar. Yana cikin masu saurin fure, Aponogeton crispus na Siri Lanka da kudancin Indiya wani lokaci 'yan makonni bayan dasawa zaka ga karan ya fito da fararen furanni jere a jiki. Akwai na Madagaska mai ganye kamar raga, kyakkyawa ne ƙwarai amma ruwa mai sanyi yake so, a zafinmu ban ba sabon shiga shawarar ya kashe kuɗinsa a kai ba.

Echinodorus ɗina ya fitar da dogon kara amma maimakon fure sai ƙananan tsirrai suka fito a jiki.

Haka yake yi, ba matsala bace. Idan karan ya tsaya a cikin ruwa 'ya'ya yake fitarwa a gaɓoɓinsa, idan ya fita iska sai ya yi fararen furanni masu ganye uku-uku, kowanne yini ɗaya yake yi ya yanƙwane wani ya buɗe. Idan fure kake so ka tallafi karan ya tsaya a waje, idan kuma ƙarin tsiro kake so ka bar shi a ruwa, sai 'ya'yan sun yi ganye huɗu biyar da saiwa sannan ka ɓalle ka dasa.

Cryptocoryne fa? Shekara da shekaru ban taɓa ganin furensa ba.

Kuma da wuya ka gani muddin yana nutse. Shi sai an noma shi rabi a ruwa rabi a waje. Ka samu ƙaramar tukunyar shuka ka zuba ƙasa da yashi da ɗan ruɓaɓɓen ganye, ka dasa shi, ka sa tukunyar a cikin roba mai haske mai murfi, ruwa ya tsaya daidai gindin tsiron, a ajiye a wuri mai haske ba cikin rana ba, kana buɗewa kaɗan lokaci-lokaci. Tsoffin ganyen za su narke, kar ka tsorata, sababbi masu kauri za su fito, bayan watanni sai furen ya taso kamar siririn bututu mai murɗaɗɗen baki, ja-ja ko ruwan ƙasa, wasu har da ɗan wari saboda ƙananan ƙudaje suke kira. Wannan dabarar tana aiki ga masu dogon kara ma, Bacopa mai fure shuɗi, Ludwigia mai rawaya, Rotala mai ruwan hoda, su kam ko a tanki idan ka daina aske kansu ka bar su suka ɓullo sama za su yi.

Akwai waɗanda ba sa fure sam?

Akwai. Java fan da Bolbitis da gansakukar Java da Salvinia da Azolla ba masu fure bane, ko shekara nawa za su yi. Baƙaƙen ɗige-ɗigen da ke jere a bayan ganyen Java fan ba cuta bace, ta nan yake yaɗuwa.

Zan iya samun iri daga furen?

Ya danganta. Aponogeton crispus ya fi sauƙi, ka sa ɗan burushi mai laushi ko audugar goge kunne ka shafa furannin sama da ƙasa na 'yan kwanaki, idan ya kama zaka ga 'ya'ya sun kumbura kore, in sun nuna su faɗa ruwa su yi yawo a sama kwana ɗaya biyu sannan su nutse su tsira. Anubias da Cryptocoryne sun fi wuya saboda ɓangaren mace yana riga na namiji nuna, sai kana da fure biyu da suka buɗe a lokuta mabambanta kuma a waje da ruwa. Vallisneria kuwa mace daban namiji daban, macen ce ke miƙo siririn kara mai lanƙwasa kamar sifirin zuwa saman ruwa, na namiji ƙanana ne suna ɓallewa su taso su yi yawo har su ci karo da ita, to idan jinsi ɗaya ke gare ka babu iri.

Wane kifi ne ba zai lalata min su ba?

Gofi, moli, tetra, da ƙananan masu cin gansakuka duk lafiya. Golfish da karfasa suna cin ganye suna tono, tarwaɗa kuma ta tumɓuke komai cikin dare. Idan ka buɗe saman tanki saboda fure ka tuna wasu kifin suna tsalle, rage ruwan da ka yi zai taimaka, ko ka shimfiɗa raga a gefen da babu kara.

Idan furen ya gama in yanke ko in bari?

Idan ba iri kake jira ba, da zarar ya fara baƙi ko laushi ka bi karan har gindi ka yanke da almakashi mai tsabta, kar ka fizge don zaka iya tumɓuko saiwar. Barinsa ya ruɓe a ciki yana ɓata ruwa musamman a ƙaramin tanki. Bayan nan ka tura ƙwayar taki ɗaya kusa da gindin masu cin ta saiwa, domin bado da Echinodorus idan suna ƙoshe sukan jero wani karan ba da jimawa ba.